Kafin ku yarda a yi wa yaronku aikin hannu, ku tsaya ku bi waɗannan

Ɗiyar yayata shekararta 15 yanzu, kuma tun ranar da ta zo duniya hannunta na dama bai taɓa zama daidai ba. Haihuwar ce ta zo da gardama, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, garin ja aka taɓa jijiyoyin wuya. Likitoci suna ce wa abin lalurar Erb, sunan wani likitan Jamus ne Wilhelm Erb da ya yi bayaninta a 1874. To bana aka fara mana maganar tiyata, mun sha yawo mun sha tambaya, shi ne na ce bari in rubuta abin da muka koyo ko wani zai amfana.

Farko dai ku fahimci me ya lalace. Jijiyoyi 5 ne suke fitowa daga lakar wuya su haɗu su bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya su sauka hannu, su ne suke kai saƙon motsi da jin taɓawa. A lalurar Erb yawanci biyun sama ne suke samun matsala, shi ya sa za ka ga yatsu suna aiki lafiya lau amma kafaɗa da gwiwar hannu sun ƙi, hannun ya murɗe ya juya ciki. Kuma ga abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba sai sun matsa: gyaran ita jijiyar kanta yana da lokaci. A jarirai ana yin sa ne a watannin farko, kamar wata 3 zuwa 9, saboda tsokar da ta rasa saƙo wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta riga ta daina karɓa ko an jona mata. Don haka yaro ɗan 14 ko 16 da aka haifa da ita ba jijiya za a ɗinke masa ba, dabara ce za a yi da ƙashi da tsokokin da suka rage da rai.

Amma fa in hatsari ne ya jawo, misali matashi ya faɗo daga acaɓa kafaɗa ta bugi kwalta hannu ya mutu nan take, wannan lissafinsa daban ne, kar ku zauna jira wallahi. Wata 3 zuwa 6 na farko su ne damar ku, jijiya kuma tana tsirowa ne kamar milimita 1 a rana, to ka lissafa daga wuya zuwa gwiwar hannu. Watannin da ake ɓatawa wajen mai ɗori ana ja ana gasawa su ne suke cinye damar, ɗori na karaya ne, jijiyar da ta tsinke ba ta san shi ba.

Kafin ku je asibiti ku zaunar da yaron shi kaɗai ba a gaban baƙi ba, ku tambaye shi me yake so ya iya yi wanda ba ya iyawa. Mu duk mun ɗauka damuwar ɗiyarmu yadda hannun yake a ido ne, ashe ita abin da ya fi ci mata rai ɗaurin ɗankwali ne da kuma cin abinci, in za ta kai loma baki sai ta ɗaga gwiwar hannu sama kamar mai busa algaita, shi ya sa a biki ba ta ci a cikin mutane, sai ta ce ta ƙoshi. Ku rubuta irin waɗannan guda uku ko huɗu a takarda. Da su za ku auna duk abin da likita zai ce.

Likitan da kuke nema shi ne na ƙashi ko na tiyatar gyaran jiki wanda ya saba da aikin hannu, a arewa asibitin ƙashi na Dala a Kano nan ne wurin farawa, akwai irinsa a Igbobi ta Legas da Inugu. Zai sa yaron ya ɗaga hannu, ya kai shi ƙeya, ya kai baki, ya kai baya, sannan hoto, ba eksire kaɗai ba, yawanci har CT ko MRI don a ga ko gurbin kafaɗar ya canja siffa. Wannan hoton shi ne yake raba gardama. In gurbin yana nan da kyau ana iya ciro tsokar baya mai ƙarfi a canja mata wurin kamu ta riƙa juya hannun waje. In kuwa ya riga ya baje, wanda shi aka fi samu a manyan yara, to sai a yanke ƙashin damtse a juya shi waje a ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Wanda gwiwar hannunsa ba ta lanƙwasawa kwata-kwata har tsokar cinya ake ɗaukowa a dasa, amma wannan babban aiki ne ba ko'ina ake yi ba.

Yanzu ga tambayar da ni a ganina ta fi duka: likita me za mu rasa? Juya ƙashi ba ya ƙara wa hannu ƙarfi, wurin da yake aiki kawai ake canja masa, abin da aka samu a waje daga ciki aka ɗebo shi. In aka juya da yawa yaro zai kai hannu baki da ƙeya cikin sauƙi amma ya kasa kai shi cibiya, saka maɓalli da ɗaure tazuge su zama aiki, in kuma hannun hagu ne ku tambaya ƙarara batun tsarki, kar kunya ta hana ku. Hannun da ya fi ɗan'uwansa gajarta ko sirantaka haka zai zauna, ku faɗa wa yaron tun yanzu. Ku kuma tambayi likitan sau nawa ya yi irin wannan aikin, in zai yiwu ku ji ta bakin likita na biyu, na kirki ba zai ji haushi ba.

Kuɗi kuma kar ku lissafa na tiyata kaɗai. Akwai hoto, ƙarfen da za a sa, gwajin jini, kuɗin mota, sannan gashin ƙashi na asibiti, wato atisayen hannu na watanni, wanda in babu shi aikin banza aka yi. In yaron sikila ne ko yana da asma ku faɗa wa mai allurar barci tun kafin ranar. Wajen sati 4 zuwa 6 hannu zai yi a rataye ko a ɗaure, ƙashi kuma yakan kai wata 2 zuwa 3 kafin ya kama sosai, sigari yana jinkirta shi, don haka in saurayi ne a tambaye shi a keɓe. Ku duba kalandar makaranta, kar a sa aiki dab da WAEC ko JAMB, dogon hutu ya fi.

Kuma yaron ne zai yi atisayen nan kullum yana cije baki, in bai yarda da zuciya ɗaya ba ku dakata, aikin ƙashi ba ya guduwa kamar na jijiya. Tamu ɗiyar ta ce a bar ta ta gama SS1 tukuna, takardarta mai tambayoyi tana nan cikin jakar makaranta, jiya ma ta ƙara ta biyar wai ko za ta iya goya ƙaninta bayan aikin.