Yadda ake gane tsohuwar fostar Faransa ta asali da yadda ake adana ta a Sakkwato

Fostar da aka manna a bangon Paris don tallar gidan rawa yau ta zama kayan tarihi. Dokar 'yancin buga takardu ta Faransa ta 29 ga Yuli 1881 ce ta sakar wa masu manna takardu mara, sai masu zane irin su Jules Chéret da Toulouse-Lautrec, mai fostar gidan rawa na Moulin Rouge ta 1891, suka cika tituna da launi. A jikin irin wannan fosta akwai sunan mai wasa da zaure, wani lokaci har da kuɗin shiga.

Kafin ka biya ko sisi, ɗora gilashin ƙara girma mai ninki 10 a kan launin. Bugun dutse na wancan zamani, wato zanen da ake yi a kan dutse sannan a buga shi a takarda, yakan nuna tsaki-tsaki barkatai kamar yashi. In ka ga ɗigo-ɗigo a jere reras, bugun injin baya-bayan nan ne. Duba gefen takardar, nan ake samun sunan maɗaba'a, kamar Chaix. Wasu na ɗauke da kan sarkin haraji, shaidar an biya kuɗin manna su. Fostar silima babba santimita 120 da 160 ce, kuma a ninke ake aika tsofaffin, don haka layin ninki ba aibi ba ne. Takarda mai kauri da sheƙi ita ce abin zargi, domin ta asali siririya ce mai arha.

Adanawa ce babban aiki a nan. Zafin bazara yakan haura digiri 40, hunturu ya busar da takarda har ta karye, damina ta kawo fumfuna. Danshin da take so kashi 40 zuwa 50 ne. Shimfiɗa ta kwance cikin durowar ƙarfe, da takarda marar asid tsakanin kowace biyu, nesa da ƙasa da bango saboda gara. Masu ajiyar littattafan malamai sun san ɓarnarta. Ƙura kuwa da buroshi mai laushi ake share ta, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba.

Kada a kai ta shagon laminatin, aikin ba ya warwaruwa, daraja ta tafi. Salatef ma yakan bar tabon rawaya. Ƙwararru da kunun sitacin alkama suke manna ta kan takarda da yadi, saboda ruwa na iya sake ɓamɓare ta. In za a rataye, a sa kwali tsakaninta da gilashin firam, a bangon da rana ba ta taɓawa.