Yadda zaka shiga kasuwar Shato Ruj a Faris baka yi kauyanci ba

Tun dawowata daga Faransa mutanen mu na Agege suke tambayata wai ina ake samun kayan miya irin namu a Faris, to ga amsa gaba ɗaya, kasuwar Shato Ruj ce, a allon tasha zaka ga an rubuta Château Rouge. Tana gunduma ta 18, a unguwar da suke kira Gut Dor, kuma wallahi duk wanda ya saba da kasuwar Mile 12 ta Legas ba zai ji baƙunta ba, sai dai akwai abubuwan da in kayi su irin na Legas kunya zaka sha.

Zuwa ba wuya. Ka shiga jirgin ƙasa na cikin gari, wato metro, layi na 4, daga babbar tashar Gar du Nor tasha biyu ce kawai, Barbes sannan Shato Ruj. In daga filin jirgin Sharl de Gol kake to jirgin ƙasa na RER B zai kawo ka Gar du Nor ɗin. Ka sayi katin Navigo Easy ka zuba masa tikiti, kuma don Allah kar kaga yara suna tsallake ƙofa kace kaima bari ka gwada, masu duba tikiti suna tsayawa a lungu, tara suke yanka nan take ba a roƙo, babu wani oga abeg.

Ranar zuwa ita ce magana. Litinin kar ka ɓata ƙafarka, yawancin masu kaya hutu suke, Lahadi kuma zuwa azahar an fara kwashewa. Asabar ita ce ranar, amma fa cunkoso kamar kasuwar Balogun ana jibi sallah, don haka in kana da yara ko kai mai son natsuwa ne kaje tsakiyar mako da hantsi. Ni na fi son Laraba ko Asabar saboda a ranakun nan biyu ne kasuwar Barbes take ci a ƙarƙashin gadar metro layi na 2, sai ka fara da can da safe ka sayi tumatir da albasa da lemo da araha, sannan ka taka da ƙafa zuwa Shato Ruj, tafiyar bata kai minti goma ba.

Zuciyar kasuwar ɗan gajeren layi ne mai suna Dejean, suna cewa Dejan, mota bata bi. Nan masu kifi suke, karfasa da giwan ruwa shimfiɗe a kan ƙanƙara, mai shagon da dogon takalmin roba yana kankare ɓawo yana ihun farashi, ruwa na gangarowa har bakin titi, to kar ka saka farar shaddarka mai jan ƙasa, ni na saka na gani. Mahauta na halal suna nan a jere. Layukan da ke kewaye kuma, Poulet da Poissonniers, can zaka samu doya, rogo, agada, kuɓewa, attaruhu, manja, gari, busasshen kifi, har goro, ga shagunan atamfa da shadda da na kayan kitso. Wolof da Bambara da Lingala zaka fi ji a kunnenka, in ka dace kaji wani ɗan Nijar yana waya da Hausa sai kaji kamar an baka kyauta.

Yanzu ga inda mutanen mu suke faɗuwa. Na farko gaisuwa, kafin ka buɗe baki ka tambayi komai kace bonjur, ko Faransancinka iya nan ya tsaya, in baka faɗa ba mai kaya zai kalle ka kamar ka shiga gidan mutane ba sallama. Sai ciniki. Kayan abinci an rubuta farashinsu a ɗan allo, kilo kaza yuro kaza, ba a tayawa, ni ranar farko na ɗauki doya na raba kuɗin biyu irin yadda muke yi a Mile 12, matar ta karɓe doyarta ta mayar ta juya ga na bayana, ko albarka bata ce ba. Inda ake ɗan sassautawa shi ne shagon atamfa in zaka ɗauki turmi uku ko huɗu, da kuma dab da tashin kasuwar Barbes lokacin da masu kaya suke karya farashi da kansu don kar su koma da shi. Kuma ba mudu ba kashi, komai a sikeli, in rabin kilo kake so kace demi kilo. Ka daina lissafa yuro da naira a kanka kana tsaye gaban mai kaya, in ba haka ba ko attaruhu ɗaya ba zaka iya saya ba.

Ka tafi da jakarka, tun 2016 Faransa ta hana ledar nan mara kauri a wajen biya. Ka riƙe ƴan canji da ƙananan takardu, don wasu basa karɓar kati a kan ƙaramin ciniki. Waya da fasfo kuwa ba sai na koya wa ɗan Legas ba, aljihun gaba, hannu a kai, musamman a bakin tashar. Masu tallan gefen titi da gasasshiyar masara zaka ga sun nannaɗe kaya sun watse lokaci ɗaya, ƴan sanda ne suka doso, kai dai ka matsa gefe ka basu hanya. Kar ka ɗaga waya kana ɗaukar mutane hoto ba izini, a nan wurin musamman basa so.

In lokacin sallah ya same ka kar ka shimfiɗa darduma a titi, an hana sallah a kan titi tun 2011, ka tambayi mahauci zai nuna maka masallaci mafi kusa. Sannan kar wani ya ruɗe ka ka cusa kilishi a akwati daga Legas wai guzuri, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama, in an kama a filin jirgi ƙwacewa za'a yi. Yajin ka kawai ka ɗauko, naman ka saya wajen mahautan Dejan.