Kalmomin aro da za ka tarar a takarda da kan faranti a Ingila

Ɗan'uwa sabon zuwa, kana iya sauka Ingila da Turancinka garau, amma ranar da aka miƙo maka takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar haya sai ka ci karo da wasu kalmomi da ba ka taɓa gani ba. Kada ka ga laifin malamanka. Yawancinsu aro ne daga Latin, harshen tsohuwar daular Rum, da Faransanci da Italiyanci. Abin da ya sa na damu da su shi ne wuraren da suke fakewa: maganar kuɗi, shari'a, magani, da abin da za ka kai bakinka.

Tarihi ne ya tara su. A 1066 Wiliyam, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, Latin kuwa ya riƙe coci da makarantu da rubutun hukuma. Sai a 1730 majalisa ta kafa dokar da ta tilasta amfani da Turanci a kotuna. Ko a 1999 sai da aka sake yi wa kotunan ƙarar jama'a gyara, aka cire kalmomi irin su "subpoena", wato sammacin shaida, don talaka ya fahimci abin da ake faɗa. A Amurka kalmar tana nan daram.

Mu fara da albashi, don nan ne ake cin mutum da tsakar rana ba tare da an yi masa ƙarya ba. Za ka ga tallar aiki an rubuta fam 24,000 "per annum", wato a shekara, sannan a gefe an liƙa "pro rata". Ma'anarta gwargwadon rabonka. Wancan adadin na mai cikakken aiki ne. In cikakken mako a wurin awa 40 ne, kai kuma awa 20 aka ɗauke ka, fam 12,000 za ka samu, kafin a cire haraji. Mutum sai ya kama gida, ya yi wa iyaye alkawarin aike, duk a kan adadin farko, ƙarshen wata ya zo ya ga rabi. Hutun shekara ma haka ake lissafa shi. Kafin ka sa hannu, ka roƙi a rubuta maka ainihin abin da zai zo hannunka, ba wanda zai ji haushin wannan tambaya. Sai kuma "in lieu", ana furta ta "in lu", wato a madadin. In ka yi aikin ƙarin lokaci aka ce za a ba ka hutu "in lieu", to kada ka jira kuɗi, hutun ne ladan.

Na gidan haya ba su da wuya. Ɗaki "en suite" mai banɗaki ne a ciki, shi ya sa ya fi tsada. "Cul-de-sac" layi ne da ba ya ɓullewa. "Maisonette" kuwa sashen gida ne, galibi hawa biyu, mai ƙofar kansa zuwa waje. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun fi mu sa'a a nan, amma su ma su yi hattara, don Bature yakan ari kalma ya sauya mata furuci da ma'ana. "Entrée" a Faransa abin buɗe baki ne kafin babban abinci, a Amurka ita ce babban abincin.

A harkar takardun zama, "affidavit" kun san ta tun gida, takardar rantsuwa ce. "Bona fide" na nufin na gaskiya, ba na yaudara ba, kuma ma'aikatan shige da fice na Amurka suna yawan amfani da ita a kan aure: su tabbatar ba don takarda aka ɗaura shi ba. "Alias" wani suna ne da aka san ka da shi, abin lura ga mu da ake rubuta Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan. Wadda nake so kowa ya haddace ita ce "pro bono": aikin lauya kyauta. Akwai lauyoyi da ɗakunan ba da shawara na jami'o'i da ke yin sa, kuma mutanenmu da yawa suna haƙura da haƙƙinsu don tsoron kuɗin lauya, alhali kalmar nan biyu kawai za su nema.

Masu aikin kula da tsofaffi, ku saurara da kyau. A takardar maganin wanda kuke kula da shi za ku ga "bd" da "tds", sau biyu da sau uku a rana, kamar yadda ake rubutawa a asibitocinmu. "Nocte" da dare ne, "stat" nan take. Mai haɗarin ita ce "PRN", gajarcen "pro re nata": a bayar in buƙata ta taso. Ba a ce a ba shi kullum ba, ba a kuma ce a ba shi duk yadda aka ga dama ba, akwai iyakar da likita ya sa a yini. Rai ne a hannunki, 'yar'uwa, in kin yi shakka ki tambayi nas ɗin da ke bakin aiki.

Ɗalibin digirin digirgir zai ji ana ta maganar "viva", jarrabawar baka ce inda zai kare binciken da ya rubuta. "RSVP" kuwa a katin biki a gida sunayen 'yan'uwa muke jerawa a ƙarƙashinta, ba mai kiransu. A nan roƙo ne na gaske cewa ka ba da amsa, za ka zo ko ba za ka zo ba, don kujeru da faranti a ƙirge suke.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai. Musulmi yakan haddace sunan naman alade da Turanci ya ɗauka ya tsira, alhali a takardar jerin abinci ba kasafai yake zuwa da wannan sunan ba. "Prosciutto" da "pancetta" na Italiya alade ne. "Chorizo" na Sifaniya alade ne. "Salami" da "pepperoni", jajayen yankan nan masu zagaye da ake jerawa a kan fiza yara na rububi, galibi da alade ake yinsu, sai in an rubuta halal. Taliyar "carbonara" fara ce tas, kamar ba nama a ciki, amma ƙananan gutsattsarin da ke cikinta na alade ne, haka ma "lardons" da "quiche Lorraine". "Pâté" niƙaƙƙiyar hanta ce, sau da yawa ta alade. Giya ma haka take shigowa: duk abin da aka ce "au vin" da ita aka dafa, shinkafar "risotto" yawanci ana zuba mata, "tiramisu" mai kama da kek sau da yawa akwai ta, "mirin" na girkin Japan giyar shinkafa ce. Abincin da aka rubuta wa "kosher" na ƙa'idar Yahudawa ne, ba alade a ciki, amma ƙa'idarsu ba ta hana giya ba, batun yankan kuma ka kai shi gaban malaminka.

Dokar Ingila ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya ɗauka, irin su gyaɗa, riɗi, ƙwai da madara. Alade da giya ba sa cikin jerin. Saboda haka kada ka dogara da ƙananan alamomin da ke gefen sunan abinci. Ka kira mai kawo abincin ka tambaye shi ƙarara ko akwai alade ko giya a ciki, har a miya da romo, in bai sani ba ya shiga kicin ya tambayo mai girki.