Yadda ake zaɓar manhajar shirya shafukan gabatar da kasuwanci ga masu zuba jari

Masu sabon kamfani da yawa kan fara wannan aiki ta baya. Su buɗe Canva, manhajar zane-zane, su ɓata kwanaki suna zaɓen launi, sai can su tuna ba su tsara abin da za su faɗa ba. Kafin ka taɓa kowace manhaja, rubuta a takarda abin da kowane shafi zai ɗauka: matsalar da ka gani, maganin da ka kawo, girman kasuwa, hanyar shigowar kuɗi, abokan aikinka, da nawa kake nema. Ƙa'idar Guy Kawasaki, Ba'amurke mai zuba jari a sababbin kamfanoni, har yanzu tana da amfani: shafi 10, minti 20 na bayani, kuma girman rubutu kada ya gaza 30.

Daga nan sai tambayar da ita ce ke raba gardama: ta wace hanya shafukan za su isa hannun mai kuɗin? Galibi ba a gabanka zai fara ganinsu ba. Imel zai buɗe, sau da yawa a waya, shi kaɗai, ba mai yi masa bayani. Don haka gwada manhajar kafin ka zuba mata lokaci. Yi shafi uku kawai, ɗaya mai jadawalin alƙaluma, ɗaya mai hoto, ɗaya mai rubutu da yawa. Mayar da su PDF, ka tura wa kanka, ka buɗe a waya.

A nan ne asirin kowace manhaja ke tonuwa. Duk wani motsi da ka sa, rubutu yana shigowa ɗaya bayan ɗaya, a PDF ba ya nan, kuma idan abubuwan suna kan juna sai su fito a cakuɗe. Manhajar Prezi kuwa kusan duk kyanta a motsi yake, shi ya sa ban ba da shawararta ga wannan aiki. Salon rubutu ma yana yaudara: ka shirya a manhajar Keynote a kan kwamfutar Mac, ka fitar da shi a tsarin PowerPoint, kwamfutar da ba ta da wannan salon sai ta maye gurbinsa da wani, layuka su tsallake, lambobi su fita daga akwatinsu. Sai nauyin fayil. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25, yana mayar da shi mahaɗin Google Drive, wanda in ba ka buɗe izini ba mutumin zai tarar da ƙofa a rufe. Mai zuba jari ba zai tsaya neman izini ba, na gaba zai buɗe.

Idan manhajar ta tsallake wannan gwaji, duba su wa za su riƙa gyara. Ku biyu ko uku ne? Google Slides, ba sai an ja magana ba. Kyauta ce, kowa na gyara a lokaci guda, kuma jadawalin da ka ɗauko daga Google Sheets yana sabuntuwa da danna maɓalli ɗaya, wanda ke hana a ga lambar watan jiya a shafi na bakwai. Idan alƙalumanka a Excel suke, ko za ka gabatar a wurin da intanet ba tabbas, tsaya a PowerPoint. Canva na taimakon wanda ba ya da hannun zane, amma ka lura da hotuna masu alamar kambi, na masu biyan kuɗi ne, kuma samfuranta sun yawaita har masu zuba jari na gane su da kallo ɗaya.

Sauran ba wuya. Yi kwafi biyu, na turawa mai cikakken bayani da na gabatarwa mai ƙarancin rubutu. Goge bayanan da ka ɓoye a ƙasan shafuka kafin ka tura. Sa wa fayil sunan kamfani da sunan watan da ake ciki. In kana son sanin shafin da aka fi daɗewa a kai, DocSend, manhajar tura takardu wadda kamfanin Dropbox ya saya a 2021, tana nuna hakan, sai dai ana biya.