Yadda na kai intanet ɗakin baya ta wayar lantarki, na kuma toshe ƙofar da ta bari a buɗe

Katangar kankare ta hana Wi-Fi isa ɗakin baya, sai na sayo adafta biyu na HomePlug AV, waɗanda ke tura intanet ta cikin wayoyin wutar gida. Ɗaya a jikin rauta (na'urar da ke raba intanet a gida), ɗaya a can ɗakin. Da farko fitilar haɗi ja kawai take nunawa. Ashe sitabilaiza da doguwar soket mai kariyar tsawa ne ke tace siginar. Da na soka kowace adafta kai tsaye a soket ɗin bango, nan take fitilar ta koma kore.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Mita ɗaya muke da maƙwabta a gidan hayarmu, kuma irin waɗannan na'urori daga masana'anta suke zuwa da kalmar sirri guda, wato HomePlugAV. Suna kulle bayanai da tsarin ɓoye bayanai na AES mai bit 128, amma ina amfanin kwaɗo idan kowa na riƙe da makullinsa? Duk wanda ya soka irin tasa a layin nan zai iya faɗowa cikin intanet ɗina.

Maganin bai da wuya: na danna maɓallin Pair (na haɗa adaftocin) a ta farko, na ruga na danna na biyun kafin minti 2 su cika, suka ƙirƙiri sabon makulli nasu su kaɗai. Daga nan na shiga rauta na kashe WPS (hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba), wanda tun 2011 aka gano ana iya fasa lambarsa mai alƙaluma 8, na sa tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 da doguwar kalmar sirri, na canza kalmar sirrin shiga saitin rautar ita ma.