Yadda Ake Kai Koken Unguwa Ga Hukuma Ba Tare Da An Tare Titi Ba

Rijiyar burtsatse ta yi wata huɗu a lalace, yara na jidar ruwa da jarkoki daga wata unguwa, matasa sun fara zancen ƙona taya. Kowa na cewa an yi koke ba a ji ba. In ka bincika, sau da yawa ba koke aka yi ba. An dai tare ciyaman a wurin ɗaurin aure, ya ce za a duba, aka watse. Ga yadda ake yin sa ya zauna.

A tsayar da buƙata ɗaya tak. Takardar da ta haɗa ruwa da hanya da taki da aikin yi ba ta da teburin da za ta sauka, don kowane abu da sashensa. A ɗauki rijiyar kawai, sauran su jira.

Sai a gano wanda alhakin ke wuyansa. Ruwan karkara yana tsakanin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara ta jiha. Makarantar firamare, sakataren ilimi ne da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Amma babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Jega zuwa Yawuri na tarayya ne, ko ka kwana a ƙofar ciyaman ba zai cike ramin ba. Allon da ɗan kwangila ya kafa, in bai tsatsa ba, yakan nuna wanda ya ba da aikin.

A kira mai gyara ya duba, ko da za a yi karo-karon kuɗin mashin ɗinsa. Ya faɗi ko injin ne ya ƙone, ko farantan sola aka sace, ko bututu ne ya fashe a ƙasa, ya rubuta kiyasin kuɗi. "Rijiyarmu ta lalace" daban, "injin ya ƙone tun watan Maris, gida kaza ke sha a nan, ga kiyasin gyara" daban. A haɗa da hoto biyu ko uku.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, babu zagi, babu kirari, babu sunan jam'iyya. Da zarar an ji ƙanshin adawa a ciki, an ba jami'i hujjar turata ƙasan durowa. Masu sa hannu su rubuta suna da lambar waya, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. A sa mata a ciki, su ne suka san wahalar ruwan. Kafin a fita da ita a bi ta wurin mai unguwa da hakimi, in da hali har uban ƙasa. "Ranka ya daɗe, mun zo a sa mana albarka" ba ta cin ko sisi, amma tsallake su yakan sa a ce yara ne ke neman tayar da fitina.

Yanzu wurin da akasari ake faɗuwa: miƙa takardar. Kada a ba direban ciyaman, kada a ba yaronsa, kada a bari kansila ya naɗe ta ya sa a aljihun babbar riga yana cewa "ku bar mini". Kansila a ba shi nasa kwafin daban. Asalin takardar ofishin rajista na sakatariya ake kai ta, ranar aiki da safe, mutum uku sun isa. A je da kwafi biyu. Ɗaya za a karɓa, ɗayan a ce: "Malam, don Allah a buga mana hatimin karɓa a namu." Ya buga, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu, a ga ya shigar da ita littafin wasiƙu. In ya ce hatimin na wurin oga, ya rubuta sunansa da ranar da biro a kan kwafinku. In ya ƙi wannan ma, kada a yi gardama, kada kuma a bar takardar. A aika ta gidan waya da rajista a riƙe rasit. Dalili shi ne, takardar da babu shaidar an karɓe ta daidai take da wadda ba a rubuta ba. Duk matakin da za a hau nan gaba, tambayar farko ita ce ina shaidar kun kai. A ɗauki hoton kwafin a waya, shi kuma a ajiye wurin dattijo ɗaya, ba a hannun wanda ke shirin tsayawa takara ba.

Lokaci ma na da tasiri. Ƙaramin gyara kowane wata ana iya yi, amma sabon aiki sai ya shiga kasafin kuɗi, wanda ake haɗawa ƙarshen shekara. Koken da ya zo a watan Fabrairu yakan sha "babu shi a kasafi". A kai tun Agusta ko Satumba.

Bayan mako biyu a koma a tambayi teburin da fayil ɗin ya tsaya. Bayan wata guda a rubuta tunatarwa, a manna kwafin mai hatimi. In shiru ya yi yawa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, sai a nemi bayanin abin da aka ware wa ruwa a mazaɓar. Ana iya kai kwafi ga ɗan majalisar jiha ya gabatar wa kwamitin koke-koke. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a Birnin Kebbi, kyauta take karɓa, sai dai ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, kuma tana son a kai cikin wata 12. Rediyo a bar shi ƙarshe, wanda zai yi magana ya karanto ranakun da ke jikin hatimi kawai.