Yadda na daidaita sabon sifirin da tsohuwar a-kori-kurata

Motata Peugeot 504 ce, a-kori-kura, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna. Da ita nake ɗauko hatsi daga Dawanau. Bara bayanta ya zauna, buhu shida kacal sai ka ji taya tana gogar bodi. Na zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa ban samu sifirin ɗinta na asali ba, wato jerin ganyayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin bayan mota, sai na wata mota mai faɗi ɗaya da nata. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ɗaura kawai, zai hau." Ya hau ɗin, amma motar ta dinga tafiya a karkace kamar kare. Da kuɗina na koyi abin da zan faɗa maka.

Kafin ka biya, tafi da tef. Auna faɗin ganyen, sannan ka auna daga idon gaba (zoben da ke ƙarshen sifirin) zuwa santa bol, wato ƙusar tsakiya da ta haɗe ganyayen, ka sake aunawa daga santa bol zuwa idon baya. Awon nan biyu ba lalle su zo ɗaya ba, kuma na gaban shi ne mai magana, don shi ke nuna inda aksil zai zauna. Nawa ya goce da inci ɗaya, taya ta bar tsakiyar mazauninta, farfela, sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, ta takura.

Da na koma wajen bakanikena, abin da ya yi ya fi sauƙi. Ya duba uwar sifirin ɗina ta da, wato dogon ganyen nan mai idanu biyu, ya ga ba ta tsage ba. Sai ya bar ta, ya jera sababbin ganyayen a ƙarƙashinta. Idanu da ramin tsakiya duk suna inda kamfani ya sa su, ƙarfi kuma ya dawo. In taka uwar ta karye, a nemo wata irinta. Sake huda sabon rami kusa da tsoho nan ne wurin da za ta ɓalle.

Wajen kwancewa, a tokare shasi da ƙarfe, kar a dogara da jak kaɗai. A matse ganyayen da kilam, wato matsen ƙarfe, kafin a cire santa bol, in ba haka ba su watse su fasa maka ƙauri. Ganyen da ya yi tsawo a rage shi da giranda, a hankali, ana zuba ruwa, a goge bakin don kar ya ci na samansa. Kowane ganye ya ɗan gaza na sama da shi.

Mai walda kuwa kar ya kusanci sifirin. Wuta tana kashe ƙarfen, ko ya yi laushi ko ya yi gautsi. Duk wanda ya ce zai gasa maka shi ya lanƙwasa, ka ce masa ka gode.

Sa sabon santa bol, sababbin yu-bol (masu ɗaure sifirin da aksil) da sabon bush (robar cikin idanu), kuma ɓangare biyun, hagu da dama, tare. Notunan idanu kar a ƙarasa ɗaure su sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta, don kar robar ta murɗe. Bayan lodi biyu ko uku ka dawo a ƙara matse yu-bol. Ni da na dawo daga Dawanau ran Laraba, kowane noti sai da ya karɓi rabin juyi.